Wanga Bakin, Ina Za Shi Zuba?

A garuruwan Adar mutum yana iya gina ɗakinsa yadda ransa ke so. Ya ɗaga bango iya inda aljihunsa ya kai, ya jera azara, ya yi daɓen rufi, babu mai ce masa don me. Amma ranar da magini ya hau sama da indararo a hannu, ranar ce za ka ga maƙwabci ya fito ya tsaya a gindin bango, hannu a baya, kamar mai shan iska. Can sai ya yi gyaran murya: "Sannu da aiki, Malam. To wanga bakin, ina za shi zuba?" Ba neman magana yake ba. Rufin naka ne, amma ruwan da rufin zai tara ba zai kwana a sama ba, kuma duk abin da ya sauka a kan ɗaki guda ta baki ɗaya zai fito.

Idan aka yi maganar a ranar, abin ba ya cin kuɗin goro. Magini ya karkata bakin zuwa lungu, ko ya matsar da shi kamu biyu, ko a jera duwatsu inda ruwan zai faɗi. Idan kuwa aka bari sai damina ta zauna, ruwan ya ci gindin rumbun maƙwabci ko ya zaftare bangon ɗakin matarsa, to sai gaban mai unguwa, daga nan sai ƙofar hakimi, kuma ko an raba gardama, gaisuwar safe ta yi sanyi ke nan har shekaru. Malaman Malikiyya ba su ɗauki wannan da wasa ba. A Tunis, a ƙarni na 14, an yi wani babban magini mai suna Ibn al-Rami, wanda alƙalai ke aikawa ya je ya gani da idonsa idan maƙwabta sun kai ƙara a kan bango, ko taga mai leƙen gidan wani, ko magudanar ruwa, har ya rubuta littafi a kan hukunce-hukuncen gini. Tushen hukuncin guda ne: kana da iko da abinka, ba ka da ikon cutar da wani da shi.

Hanyar kwalta a ƙasar Madawa, Buza da Keita rufi ce mai tsawon kilomita da yawa, kuma kowane kwalbati da aka binne a ƙarƙashinta indararo ne. Wanda ya saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba zai gane nauyin wannan magana ba sai ya bi hanyar da ta tashi daga Madawa ta yi arewa, ta ratsa Buza da Keita da Tamaske ta faɗa Tawa. Ƙasar Adar-Dutsi-Majiya hawa da sauka ce. A sama fako ne, baƙin dutse da tsakuwa, ƙasa mai tauri wadda ba ta shan ruwa. Daga nan gangare mai tsini, sai kwari a ƙasa, inda rayuwa take: kwarin Tarka, kwarin Majiya, kwarin Keita, da garakensu na albasa da tumatir, da rijiyoyi marasa zurfi, da gonakin dawa. Ruwan shekara ba shi da yawa, yakan tsaya tsakanin milimita 300 zuwa 500, amma ba ya zuwa da lallashi. Rabon wata guda yana iya sauka a dare ɗaya.

A yi lissafi mai sauƙi. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan hekta ɗaya lita dubu goma ce. Idan hadari ɗaya ya zubar da milimita 50 a kan fako mai hekta 100, an sami lita miliyan 50. A ce rabi ne kawai ya gangaro, to durom 125,000 ke nan, cikin awa ɗaya ko biyu. Kafin a yi hanya, ruwan nan yakan rarrabu, ya bi ƙananan hanyoyi goma ko ashirin, ya isa kwari a gajiye. Da aka ɗaga jikin hanya mita ɗaya ko biyu ta tare gangaren, sai duk ya taru a bayanta, ya nemi ƙofa, ƙofar kuwa ita ce kwalbatin da injiniya ya zana. Ka tsaya a bakin irin wannan kwalbati ta ɓangaren gangare bayan damina biyu ka gani. Simintin da ruwa ke faɗawa a kai ya rataye a iska domin ƙasar da ke ƙarƙashinsa ta tafi. Daga nan kwazazzabo ya fara, da farko yaro na tsallake shi, baɗi sai jaki ya yi zagaye, kuma can inda ƙarfin ruwan ya ƙare, farin rairayi ya kwanta a kan gonar wani har ya binne kututturen dawar bara. Mai gonar bai taɓa ganin injiniyan ba.

Dokar nazarin muhalli kafin babban aiki ita ce tsayuwar nan ta maƙwabci a gindin bango, aka mai da ita wajibi a rubuce. Amurka ce ta fara kafa irinta a farkon 1970, Nijeriya ta yi tata a 1992. Nijar ta shigo da ita da wata doka ta 10 ga Janairun 1997, sannan babbar dokar kula da muhalli mai lamba 98-56 ta 29 ga Disambar 1998 ta ƙarfafa ta, aka fitar da ƙa'idojin aiki a shekarar 2000. Wadda ake aiki da ita yanzu ita ce doka mai lamba 2018-28 ta 14 ga Mayun 2018, tare da dokar zartarwarta mai lamba 2019-027 ta 11 ga Janairun 2019. Ofishin da aka ɗora wa nauyin shi ne BNEE, ofishin ƙasa na tantance tasirin ayyuka a kan muhalli, a ƙarƙashin ma'aikatar muhalli.

Yadda abin ke tafiya a takarda ba shi da laifi. Mai aiki, ko gwamnati ce da kanta, zai sanar da niyyarsa. A duba girman aikin a sa shi cikin ɗaya daga rukuni huɗu, A zuwa D: na A sai an yi masa cikakken nazari, na B taƙaitacce, na C a ba shi sharuɗɗa kawai, na D a bar shi ya wuce. A amince da tambayoyin da nazarin zai amsa, masana su fita daji, su rubuta rahoto tare da tsarin rage ɓarna, da tsarin sake matsuguni idan aikin zai tada mutane. A je wurin a tabbatar, a saurari jama'a, kwamiti ya zauna a kan rahoton. Sai bayan haka minista ya sa hannu a takardar shaidar cewa aikin ya cika sharuɗɗan muhalli. Bankin Duniya da Bankin Raya Afirka su ma suna da nasu sharuɗɗan a kan duk aikin da suka sa kuɗi, shi ya sa wasu ma'aikata ke ɗaukar nazarin a matsayin takardar da ake cikawa don a saki kuɗi. Wannan fahimta ita ce farkon lalacewar abin.

Kada wani ya ɗauka mutanen Adar na ƙin hanya. Ka tambayi mai albasa a Sabon Gida ko Tamaske abin da mummunar hanya ke ci masa: kamyo ya kafe a ƙorama kwana biyu, buhunan ƙasa sun fara ruwa, ɗan kasuwar Abijan ko Akara ya rage farashi tun kafin ya kwance ɗinki. Ka tambayi wanda ya taɓa ɗauko mai naƙuda a amalanke daga ƙauyen Garhanga cikin watan Agusta. Hanya suke so, jiya ma ba yau ba. Kuma saboda tsananin son nan ne suke yin shiru a taron jin ra'ayi, don kada a ce ƙauyensu ne ya kawo cikas aka karkatar da godoro ta wani gari. Maƙwabcin da ke jin tsoron a fasa ginin gaba ɗaya ba zai tambayi inda bakin ya dosa ba.

Irin taron kowa ya san shi. Motoci biyu su tsaya a ƙofar hakimi da hantsi, a shimfiɗa tabarmi a inuwar bedi, a kawo kujeru ga baƙi. Wani matashi mai kwamfuta ya yi bayani da Faransanci, wani ya juya shi Hausa a taƙaice. A ce akwai mai tambaya? Dattijo ya miƙe: "Ranka ya daɗe, mun gode, Allah shi saka da alheri. Roƙonmu a ɗauki yaranmu aiki, kuma a yi muna rijiya." A rubuta. A zaga da takardar sunaye kowa ya dangwala yatsa, a ɗauki hoto, motoci su tashi don akwai ƙauye uku kafin azahar. A rahoto za a ce jama'a sun yi maraba da aikin, kuma ba ƙarya aka yi ba. Sai dai ba wanda ya shimfiɗa taswira a ƙasa ya ce: ga inda za mu sa kwalbati, ga inda zai zuba, gonar wa ke nan?

Da an yi wannan tambayar, da an ji abin da babu shi a kundin ma'aunin ruwan sama. Injiniya na auna faɗin kwalbati da lissafin ruwan shekarun baya, daga ma'aunai ƴan kaɗan da ke nesa da juna, a ƙasar da hadari ke iya cika wannan kwari ya bar na kusa da shi a bushe. Dattijon nan mai roƙon rijiya kuwa ya san shekarar da ƙoramar ta canja hanya, ya san itacen da ruwa ya kai wa wuya, ya san cewa yashin da ake gani a bushe a watan Maris shi ne ke cin raƙumi a Agusta. Damina ta 2024 ta nuna cewa lissafin da ma yana neman gyara: ambaliya ta kashe kusan mutum 400 a Nijar, ta shafi sama da miliyan ɗaya da rabi, har ta yanke manyan hanyoyin shiga Yamai a watan Agusta.

Akwai kuma maganar lokaci da ta wanda ke zaune a tabarmar. Masana sun fi son fita da rani don mota na shiga ko'ina, ranin nan kuwa shi ne lokacin da majiya ƙarfin Adar suke Abijan, ko Libiya, ko Legas wajen bida. Makiyaya, Fulani da Buzaye, da wuya labarin taron ya kai musu, alhali burtalinsu ne hanya za ta yanke, kuma dokar kiwo ta 2010 ta amince da haƙƙinsu na zirga-zirga. Mata na can bayan zana suna saurare. Rahoton kansa, mai ɗaruruwan shafuka, da Faransanci yake, yana ajiye a ofis. Tun a 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ban ga abin da zai hana a taƙaita kowane rahoto a shafi biyu a karanta shi a gidajen rediyon karkara da Hausa da Tamashek da Fulatanci ba, ranar kasuwa, sau uku.

Zaman matan nan a bayan zana shi ya fi ci mini rai, domin a ƙasar Keita babu wanda ya san halin ruwa kamarsu. A zamanin farin 1984, lokacin da maza suka watse neman abinci, aka fara babban aikin raya karkara na Keita da kuɗin Italiya, hukumar FAO na gudanarwa, hukumar abinci ta duniya na biyan lada da abinci. Yawancin waɗanda suka yi aikin mata ne. Su suka ɗauki duwatsu a ka, suka jera su layi-layi a kan fako, suka haƙa ramuka a jikin gangare don ruwa ya tsaya ya nutse, suka cika kejin waya da dutse aka tare bakin ƙoramu. An farfaɗo da ƙasa sama da hekta dubu talatin, an dasa itatuwa wajen miliyan 18. A Majiya kuma, ta wajen Buza, tun 1975 ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji suka fara dasa bedi layi biyu-biyu a tsallake kwarin don karya iska, har layukan suka kai ɗaruruwan kilomita. Duk wannan aiki manufarsa ɗaya: a rage wa ruwa da iska gudu, a rarraba su. Hanya kuwa, idan ba a kula ba, tara ruwa take yi ta ƙara masa gudu. Katafila na iya share jerin duwatsun da aka yi wata ana ɗorawa kafin direbanta ya sha shayin safe, kuma ɗan kwangila mai neman dutse ba abin da ya fi masa sauƙi kamar dutsen da wasu suka riga suka tara.

Abin da ya kamata injiniya ya gani shi ne jerin duwatsun nan masu gadin hanyarsa ne. Kowace lita da ta nutse a fako, lita ce da ba za ta zo ta daki kwalbatinsa ba. Nazarin da ya san aikinsa zai sa gyaran gangaren da ke sama da hanya cikin kuɗin hanyar, ba a matsayin kyauta ga ƙauye ba. Har ma ana iya juya abin ya zama riba. A ƙasashe irin su Habasha an daɗe ana karkatar da ruwan gefen hanya zuwa gonaki da tafkuna da gangan. A nan ma, mashigin siminti da aka shimfiɗa a ƙorama, idan an ɗan ɗaga shi da dabara, yana tare yashi a bayansa, yashin ya riƙe ruwa, rijiyoyin kusa su daɗe ba su ƙafe ba. Mutanen Tawa sun san irin wannan daga madatsun baza ruwa da aka yi musu a kwaruruka. Ramin da aka tono burji ma haka: idan an bar shi da baki a tsaye kusa da gari, tarkon yara ne da gidan sauro, idan an kwantar da bakinsa aka zaɓi wurinsa da shawara, mashayar dabbobi ce har tsakiyar rani.

Sai maganar diyya, inda nake ganin babban giɓin yake. Dokar karɓar fili don amfanin jama'a, mai lamba 61-37 ta 1961 wadda aka gyara a 2008, ta tsaya a kan biyan diyya ta adalci kafin a karɓa. Masu ƙidaya kan bi layin hanya da fenti da turaku, su ƙirga abin da ya faɗo cikin faɗin da aka keɓe: gona kaza, rumbu kaza, gawo kaza, mangwaro kaza. Hukumomin filaye na karkara, Kofo, waɗanda dokar 1993 ta kafa, sukan taimaka a gane mai wuri. Wanda hanya ta bi ta gonarsa, ko an ja masa rai, sunansa na cikin jeri. Amma mai garkar da ke mita ɗari uku a gangare, wanda hanya ba ta taɓa ko taku ɗaya na filinsa ba, sai dai bakin kwalbati ya auna shi, ba ya cikin jerin kowa. Ɓarnarsa ba ta zuwa ranar da ake ƙidaya. Tana zuwa bayan an yanke ƙyalle, an kwashe injuna, sansanin ma'aikata ya zama kango. Shi ne ainihin maƙwabcin indararo, kuma shi ne wanda tsarin ya fi mantawa.

Wani zai ce ai doka ta tanadi sa ido bayan an ba da takardar shaida. Haka ne. Amma mai aikin ne ke ɗaukar masanan da za su yi masa nazari, shi ke biyansu, kuma sau da yawa daga aljihunsa kuɗin man motar masu sa idon ke fitowa. Ban ce ana sayen kowa ba. Na san akwai ma'aikatan muhalli masu tsayawa a kan gaskiya da ɗan abin da ke hannunsu. Sai dai idan hanya ta gwamnati ce, ranar buɗe ta an riga an faɗa a rediyo, ƙaramin ma'aikaci a Buza ko Madawa da zai ce a dakata a sake zana kwalbati yana buƙatar abin da ya fi takarda ƙarfi a bayansa.

Ga abin da nake ganin zai yiwu ba tare da sabuwar doka ba. A ayyukan hanya akan karɓi aiki sau biyu: karɓar wucin gadi idan an gama, da karɓar ƙarshe bayan wa'adin garanti, galibi shekara guda, kuma akan riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila har zuwa lokacin. Shekara guda na nufin damina guda ta bi ta kan aikin. To kada masu karɓar ƙarshe su tsaya a kan kwalta suna duban tsagewa daga cikin mota. A watan Oktoba, su sauka da ƙafa a kowane kwalbati, tare da hakimin wurin, da ɗan Kofo, da wakilin makiyaya, da mace biyu daga cikin masu aikin dutse, su bi sawun ruwan har inda ya tsaya. Inda ya fara kwazazzabo a sa kejin dutse, inda ya binne gona a rubuta sunan mai ita a biya shi, duk daga kuɗin da aka riƙe, sannan a sa hannu a saki saura.